Yadda Ake Amfani Da Durowar Omo Ta Injin Wanki, Mataki-Mataki

Tambayoyi sun yi yawa a kan durowar nan ta injin wanki, wani ya ce in an gama wanki sai ya tarar da omon a daskare bai tafi ba, wata ta ce baƙaƙen kayanta suna fitowa da farin gari a jiki, wata kuma ta ce tana zuba sofna, ruwan nan mai sa kaya laushi da ƙamshi, har ta gaji amma ko ƙamshinsa ba ta ji, ga masu cewa ruwa yana kwanciya a durowar yana wari. Shi ya sa na ce bari in haɗa amsar wuri ɗaya kowa ya huta.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko, injin bai san me ka zuba ba. Abin da ya sani kawai shi ne a lokaci kaza zai sako ruwa ta rami kaza, ruwan nan ya kwashe duk abin da ya tarar ya kai cikin ganga inda kaya suke. In ka zuba abu a ramin da ba nasa ba, to ko dai ya shiga kafin lokacinsa, ko ya shiga bayan lokaci ya wuce, ko ma ya zauna bai shiga ba sam. Kusan duk matsalolin da na lissafa a sama daga nan suke fitowa.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: cokalin awo ko murfin awo da ya zo da sabulun, tsohon buroshin haƙori, roba mai ɗan faɗi, ruwan ɗumi, busasshen tsumma da tsinken sakace. Littafin injin ma in bai ɓata ba a ajiye shi kusa.

Mataki na 1: Gane ramukan

Jawo durowar ka leƙa da kyau, in wurin da duhu haska fitilar waya. Yawancin injinan da ake buɗewa ta gaba ramuka uku gare su, kowanne da alamarsa a jikin robar.

Mai alamar II ko 2, shi ne na babban wanki. Nan omo yake zuwa a wankin yau da kullum, kuma galibi shi ne ya fi girma.

Mai alamar I ko 1, na wankin share fage ne, wato ɗan gajeren wankin da injin yake yi kafin babban in ka zaɓa masa.

Mai alamar fure ko tauraro, na sofna ne, ruwan nan mai laushi da ƙamshi. Za ka gane shi da wata 'yar hula ta roba a ciki da layin da aka rubuta MAX.

Hattara a nan: kada ka bi jeri, ka bi alama. Mutane da yawa suna ɗauka ramin farko daga hagu shi ne na ɗaya, alhali a injina da dama II ne a hagu, fure a tsakiya, I a dama, wasu kamfanonin kuma nasu jerin daban ne. In ka canza inji kada ka ce ai haka na saba a tsohon, sake dubawa. In alamar ta goge, babban ramin shi ne na omo, mai hula shi ne na sofna, wanda ya rage shi ne na share fage.

Injin da ake buɗewa ta sama wani yana da 'yar durowa daga ciki, wani ramuka ne a bakin ganga, amma ƙa'idar ɗaya ce. Mai ganga biyu, ɓangaren wanki daban na matsa daban, shi ba ruwansa da wannan bayanin, cikin ruwa ake zuba masa kai tsaye.

Mataki na 2: Tabbatar sabulun na inji ne

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗi. Omon wankin hannu an yi shi ne ya yi kumfa sosai, shi kuma injin gaba da ruwa kaɗan yake aiki, kayan ne suke ɗagawa su faɗo su bugi juna dattin ya fita. In kumfa ta cika ganga sai ta hana bugun, wanki bai fita ba, ɗauraya ba ta kammala ba, wani lokacin ma kumfar ta biyo hanya ta fito ta durowar ta malale ƙasa. Wasu injinan in sun ji kumfa ta yi yawa sai su tsaya su ƙara ɗauraya da kansu, Samsung ma yakan nuna Sud a allo, ka ga an ƙara maka lokaci da wuta da ruwa a banza. Duba jikin leda ko kwalba, ka nemi hoton injin gaba ko alamar HE, wato sabulu mai ƙarancin kumfa, ko inda aka ce na inji ne.

Gari ko na ruwa? Ni dai a ganina kowanne da ranarsa. Yawancin gari yana ɗauke da sinadarin haskaka kaya wanda yake aiki sosai daga digiri 40 zuwa sama, don haka ya fi dacewa da fararen kaya, tawul, zanin gado. Na ruwa galibi ba shi da wannan sinadarin, ya fi sauƙi ga masu launi da baƙaƙe, kuma yana narkewa ko a ruwan sanyi. In kullum gajeren wanki kake yi da ruwan sanyi, na ruwa zai fi maka kwanciyar hankali.

Mataki na 3: Auna, kada ka kimanta da ido

Ido yana ha'inci a nan, kusan kowa yana zuba fiye da ƙima. A bayan leda akwai jadawali, kuma abu uku yake dubawa: yawan kaya, yawan datti, da nauyin ruwanku. Awon da suke bayarwa yawanci na kaya kilo 4 zuwa 5 ne, in injinka babba ne ka cika shi sai ka ɗan ƙara yadda suka rubuta, in rabin ganga ne kuma sai ka rage. Sabulun ruwa mai kauri da yawansu abin da wanki ɗaya yake buƙata bai kai mililita 50 ba, amma sai ka ga mutum ya cika murfi taf har yana ƙarawa.

Maganar nauyin ruwa, in ruwanku irin wanda sabulu ba ya saurin kumfa a ciki ne, kuma yana barin farin abu a gindin butar dafa ruwa, to yana cin sabulu, za ka bi layin da ya fi yawa a jadawalin. In kuma da ka taɓa sabulu kumfa take tashi, bi ƙaramin awo.

Yadda za ka gane ka wuce gona da iri: ana ɗaurayar ƙarshe amma har yanzu kumfa tana jikin gilashi, kaya in sun bushe suna ƙandarewa ko suna ƙaiƙayi, ko robar bakin ƙofa ta fara yauƙi. Rage kashi ɗaya cikin huɗu a wanki na gaba ka gani. Yawan omo ba ya ƙara tsafta, ragowar ce take maƙalewa a kaya da cikin inji, kuma ledar da za ta kai ka wata sai ta ƙare tun ba a je ko'ina ba.

Mataki na 4: Zuba gari a ramin II

Kafin ka zuba taɓa ramin, in a jiƙe yake goge shi da tsumma. Gari in ya sauka kan lema nan take yake kamawa ya zama dunƙule, ruwan da injin zai sako ba lallai ya iya ture shi duka ba. In garin ya riga ya yi gudaji a leda saboda danshi, murmushe shi tukuna.

Duba ko akwai wani ɗan faifan roba a cikin ramin wanda yake ɗagawa ya sauka. Wannan na sabulun ruwa ne, in gari za ka sa dole a ɗaga shi sama ko a cire shi, in ba haka ba zai tare garin a baya. Sannan ka zuba a hankali kada ya fallatsa cikin ramin fure, ko ɗan kaɗan ne ya shiga can zai iya toshe bututun sofna.

Kada ka haɗa gari da na ruwa a rami ɗaya, kwaɓi suke zama mai danƙo.

Mataki na 5: In sabulun ruwa ne

Shi ma ramin II ne gidansa, sai dai ramin nan a buɗe yake ta baya, in babu abin tarewa da ka zuba zai gangara ya wuce tun kafin a kunna inji. To faifan nan da na ambata sai a sauke shi ƙasa ya tare, kuma yakan zo da layukan awo a jiki, kada a wuce na sama. In injinka bai zo da faifan ba, abu mafi sauƙi shi ne ƙwallon awo, ka zuba a ciki ka ɗora kan kaya cikin ganga. In babu ƙwallon, zuba a II ɗin amma ka kunna nan take, ba sai ka je ka dawo ba.

Hattara: in za ka saita injin ya tashi bayan wasu awanni, ko za ka yi wankin share fage, kada ka dogara da sabulun ruwa a durowa. Zai tsiyaye da wuri, ya zauna kan busassun kaya ya bar tabo, ko ya tafi da ruwan farko babban wanki ya zo babu komai. A irin wannan gari ya fi.

Mataki na 6: Sofna a ramin fure

Nan ne zan ɗan daɗe domin nan ne aka fi rikicewa. Ramin fure ba a buɗe yake ta baya kamar sauran ba, ƙoƙo ne rufaffe, a tsakiyarsa akwai ɗan bututu a tsaye da hula a kansa. Sofna yana zaune shiru a ciki har a gama wanki, sai a ɗaurayar ƙarshe injin ya sako ruwa a ramin, ruwan ya hau ya wuce kan bututun, daga nan sai ya fara zuƙewa da kansa har ƙoƙon ya kusa ƙarewa, kamar dai yadda ake zuƙo mai daga tanki da tiyo, da zarar ya fara bi ba ya tsayawa.

To ka ga amfanin layin MAX kenan. In ka cika ya wuce layin, zuƙon zai fara tun a lokacin, sofnan ya shiga tare da omo a farkon wanki a wanke shi ya fita, an yi asara, ga shi kuma yana rage wa omon ƙarfi. Haka in ka banko durowar da ƙarfi ya yi tambal-tambal ya haye bututun, abu ɗaya ne zai faru. Masu cewa ba sa jin ƙamshi, kafin ku ce sofnan jabu ne ku duba waɗannan biyun.

Layin MAX iyaka ce, ba awo ba ne. Awon yana jikin kwalba, sau da yawa murfi ɗaya ko ƙasa da haka ne. In sofnan ya yi kauri sosai ko ya daɗe a ajiye, sirka shi da ruwa kaɗan kafin ka zuba, amma duka-duka kada su wuce layin. Kuma tabbatar hular ta zauna daram a kan bututun, in ta karkace ko an manta ba a mayar ba bayan wankewa, ramin zai cika da ruwa ya ƙi tafiya.

Kada a zuba sofna kai tsaye kan kaya, yana barin tabo kamar na mai. Sannan ba kowane kaya ke son sa ba: tawul in ana yawan sa masa yana daina shan ruwa, haka kayan motsa jiki masu tsotse gumi da tsumman goge-goge masu laushin nan. Ni tawul ba na sa masa sam. Sitacin ruwa a injina da yawa ramin fure ake sa shi, amma duba littafinka, kuma kada a haɗa shi da sofna a wanki ɗaya, a wanke ramin bayan an gama domin yana bushewa ya toshe.

Mataki na 7: Ramin I, yawanci a bar shi haka

In ba ka danna wankin share fage ba, ramin nan ba a zuba masa komai. Ana buƙatarsa ne in kaya sun yi dattin gaske, laka, kayan aikin gareji, kayan yaran da suka yi birgima a ƙasa. Sai ka sa ɗan gari kaɗan a I, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na awon, sauran a II. Wanda ya zuba omonsa duka a I bisa kuskure ya kunna wankin yau da kullum, a wasu injinan zai dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi, kaya sun sha ruwa zalla.

Mataki na 8: Kafso, bilic da sauran tarkace

Kafson wanki, 'yan ƙullin nan masu leda mai narkewa, ba sa shiga durowa ko kusa. Ruwan da ke bi ta nan bai isa ya narkar da su ba, toshe hanya za su yi. Cikin ganga ake jefawa, can ƙasa ta baya, kafin a zuba kaya, da busasshen hannu. A ɓoye su nesa da yara, launinsu kamar alewa, kuma in yaro ya fasa a baki ko ido abin ba wasa ba ne, asibiti za a nufa. 'Yan duwatsun ƙamshi ma ganga ake zuba su, ba durowa ba.

Bilic na ruwa, in injinka yana da raminsa daban, yawanci da alamar kusurwa uku ko an rubuta sunansa, nan kaɗai za a sa kuma kada a wuce layi. In babu, karanta littafin kafin ka yi gaban kanka, kada dai a zuba shi a ramin fure, domin zai sauka kan kaya a ɗaurayar ƙarshe babu wani ruwa da zai biyo ya wanke shi. Garin cire tabo irin wanda ake haɗawa da omo, shi II ake sa shi tare da garin.

Gargaɗi babba: kada bilic ya haɗu da khal, wato binega, ko wani maganin wanke-wanke mai tsami, a durowa ko a roba. Haɗuwarsu tana tayar da iska mai guba da ke ƙona huhu.

Sababbin injina masu auna sabulu da kansu, irin i-DOS na Bosch, tankinsu na sabulun ruwa ne kawai, kada gari ya shiga, kuma in za ka canza sabulu ka wanke tankin tukuna.

Mataki na 9: Rufe a hankali, kunna, sannan ka duba

Tura durowar sannu har ta zauna. In ta ɗan rage a buɗe ruwa zai zubo ta gaba. Kada ka jawo ta lokacin da kake jin ruwa yana shiga, in ka manta sofna bari sai ƙarar ruwan ta tsaya ganga tana juyi, ka ɗan jawo kaɗan ka zuba ka mayar.

In an gama, buɗe ka leƙa. Ramin II ya kamata ya zama fes. Ɗan ruwa kaɗan a gindin ramin fure ba komai ba ne, amma in ya cika to bututun ya toshe. Daga nan kada ka rufe durowar, bar ta a ɗan buɗe tare da ƙofar injin iska ta shiga. Wannan ɗan abin shi ne yake hana fumfuna da warin nan na rima, kuma ko sisi ba ya ci.

Mataki na 10: Cirewa da wankewa

Sau ɗaya a wata ya isa ga yawancin gidaje, in kana yawan amfani da sofna ka fi haka. Kashe injin daga soket. Jawo durowar har ta tsaya, za ka ga wani ɗan harshe na roba, galibi wajen ramin fure, wani shuɗi ne wani an rubuta PUSH, danna shi ƙasa ka ci gaba da ja. Kada ka fizga da ƙarfi, in harshen ya karye durowar ba za ta ƙara tsayawa daidai ba, sai an nemo wata irin ta injinka sak, kuma ba kullum ake samu da sauƙi ba.

Cire hular sofna da faifan, jiƙa su duka a ruwan ɗumi kamar minti 15 zuwa 20, ba tafasasshe ba kada robar ta lanƙwashe. Bi kowane lungu da buroshi, zura tsinke cikin bututun ka fitar da yauƙin da ya daskare, juya durowar ka wanke bayanta ma, nan baƙin datti yake ɓuya.

Inda kowa yake mantawa shi ne gidan durowar. Leƙa ciki ka kalli rufin, za ka ga 'yan ƙananan huji a jere, ta nan ruwa yake feso wa kowane rami. In fumfuna ko farin gishirin ruwa ya toshe su, ruwan zai ragu ko ya karkace ya faɗa ramin da ba nasa ba, shi ne za ka ga omo bai tafi ba ko sofna ya tafi da wuri duk da ka yi komai daidai. Goge su da buroshi, masu taurin kai a bi su da tsinke a hankali. In gishirin ya kama sosai ɗan khal a jikin buroshi yana taimakawa, matuƙar babu bilic a wurin. Goge da tsumma, busar da durowar, mayar da hula har ta zauna, sannan a tura.

Kafin ka mayar kana iya gwada ramin fure a bakin famfo: cika shi da ruwa har ya haye hular, in ya fara zuba ta ƙasa ya ci gaba da kansa har ya kusa ƙarewa, lafiya lau yake. Bayan haka yana da kyau a yi wanki ɗaya babu kaya a digiri 60 ko sama, ko a danna shirin wanke ganga in injin yana da shi, ya kwashe abin da ya gangara ciki.

In an yi duk wannan omo bai daina saura ba

To matsalar ƙarfin ruwa ce. Duba ko famfon bayan injin a buɗe yake gaba ɗaya, ko tiyon ya lanƙwashe saboda an matse injin da bango. In duk lafiya, rufe famfon, kwance tiyon daga jikin injin, a bakin wurin akwai 'yar rariya ƙarama, zaro ta da filaya a hankali ka wanke yashi da tsatsar da suka taru ka mayar. Ajiye tsumma a ƙasa domin ragowar ruwa zai zubo. In ruwan gidan ne da kansa ba shi da ƙarfi, koma sabulun ruwa a ƙwallon awo ko kafso cikin ganga, su ba sa jiran ruwan durowa. In kuma ruwa yana da ƙarfi, rariya fes, huji a buɗe, amma rami ɗaya ko ɗigo ba ya samu, bawul ɗin da ke sako masa ruwa ne ya samu matsala, wannan kam a kira mai gyara, kada a buɗe saman inji da wuta a jiki.